Haliru Mai Sallama da Jiragen Amana

Duk wanda ya taɓa kai fanka gyara a layin masu kayan wuta na Kasuwar Libiya, can yammacin Omdurman ta ƙasar Sudan, da wuya a ce bai san Haliru ba. Dogo ne siriri mai furfura a gemu, ƙafar tabaraunsa ɗaure da zaren tagulla tun shekarar da ta karye, kuma ya ce ba zai sayi sabo ba tunda wannan bai daina gani ba. Ya fi shekara talatin yana naɗa wa fankoki waya, yana farfaɗo da mukayyif, na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa wadda in ta mutu a zafin Omdurman sai gida ya koma tanda. Mutum ne mai sanyin magana, amma kada sanyin ya ruɗe ka. In Haliru ya kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi turmi.

Taurin kan nan gadonsa ya yi. Kakansa, Malam Lawal, ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Omdurman, ya tsaya neman na gaba, aure ya riske shi, shi ke nan ya zama ɗan gari. Gidansa ya koma masaukin maniyyata daga ƙasar Hausa. Su kwana biyu su huta, su bar masa abin da ba za su iya tsallaka teku da shi ba, in sun dawo su karɓi abinsu. Kowa ya dawo ya karɓa, ban da mutum ɗaya, wani Zubairu daga Damagaram, wanda ya bar ƙulli naɗe cikin fatar akuya ya ce, "Sai na dawo, in Allah ya yarda." Malam Lawal ya jira shi har ya koma ga Allah. Ɗansa ya ɗauki jiran, shi ma ya tafi. Da iyalin suka tashi daga tsohon gida suka koma unguwar Umbadda, ƙullin ne ya fara shiga mota kafin gadaje. Yanzu yana rataye a ɗakin Haliru, ba a taɓa kwance shi ba, duk shekara sai ya sauke shi ya shafa wa fatar mai saboda gara. Matarsa Sittana tana kiran ƙullin babban ɗan gidan, wai shi kaɗai ne bai taɓa neman kuɗin makaranta ba.

Yadda irin wannan dattijo ya faɗa wasan yaƙin jiragen sama jannati a intanet, abin dariya ne. A shekarar 2009 aka kira shi gyaran mukayyif a shagon intanet na wani mai suna Muhajir da ke bakin kasuwa. Yana kan tsani, kansa cikin na'ura, sai ya ji an buga tebur an ce, "Kai! Wallahi an cinye ni tas!" Hausa tsantsa, irin wadda rabonsa da ji tun kakarsa na da rai, don 'ya'yansa in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Saura kaɗan ya faɗo. Mai maganar wani magidanci ne ɗan Gusau, Sabitu, yana karatun digiri na biyu a Khartum, yakan tsallako kasuwar sayen jallabiya da turare ya aika gida, ya ɗan zauna a shagon kafin ya koma.

"Wa ya cinye ka, bawan Allah?" in ji Haliru daga sama.

"Wani mugu ne, Baba. Jirage ɗari huɗu, na yi wata biyu ina tarawa."

Haliru ya sauko ya leƙa allon kwamfutar, bai ga jirgi ko ɗaya ba, sai lambobi a jere kamar takardar asibiti. Sabitu ya ja masa kujera ya yi masa bayani. Kowane ɗan wasa yana da tasa duniyar a cikin taurari, yana haƙo ƙarfe da mai, yana ƙera jirage. Dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kuma wasan ba ya tsayawa don ka tashi cin abinci ko ka tafi aiki. Jirgin da ke ajiye a gida, kowa zai iya zuwa ya farfasa shi ya kwashe tarkacen. Wanda ke kan tafiya kuwa babu mai iya taɓa shi. Saboda haka kafin ka tashi daga kan kwamfuta sai ka tura rundunarka doguwar tafiya, ka auna ta dawo daidai lokacin da za ka sake zama.

Haliru ya ce, "Ashe kiwon tattabaru ne. A sama lafiya lau, a akurki muzuru ke cin su."

Tun daga ranar kiwon ya kama shi. Kullum bayan Azahar da bayan La'asar sai ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, ya shiga shagon Muhajir na minti goma sha biyar, ya saukar da jiragensa ya sake tashinsu. Sabitu ya sa shi a ƙungiyarsu mai suna Zango, wadda ta haɗa 'yan Sudan da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, shi Sabitu ne jagoran yaƙinta. Ya koya masa aika ɗan jirgin leƙen asiri kafin kowane hari. Ya koya masa yadda ake bin sawun mutum kwana da kwanaki har a gane lokacin da rundunarsa ke sauka, a auna hari ya faɗa mata daƙiƙa uku bayan saukarta. Ya koya masa ladubban wurin kuma, don ashe har a sararin sama akwai abin kunya. Ba a far wa wanda bai kai ka ba. Ba a kwasar tarkacen yaƙin da ɗan ƙungiya ya yi. Ba a zagi in an ci ka. In kai ka ci mutum, ka aika masa da saƙo ka yi masa fatan Allah ya mayar da alheri.

Duk Haliru ya yarda da waɗannan, abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya.

"Malam Sabitu, wato bayan ka rushe wa mutum gida kana yi masa jaje, amma kafin ka shiga ba ka yi masa sallama?"

"Baba, ai yaƙi ne. In ka yi sallama gudu zai yi."

"To ya gudu mana. Ni dai ban taɓa shiga gidan mutum babu sallama ba, ba kuma a kan kwamfuta zan fara ba."

Haka ya yi ta yi. Duk sanda ya tura hari, sai ya fara aika wa mai gidan saƙo da baƙaƙen boko: Assalamu alaikum, ga ni nan tafe nan da awa ɗaya. Mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta Larabci ba suka haddace sallamar nan, da sun gan ta sai su kwashe jiragensu su yi sama. Haliru ya isa ya tarar da akurki fayau, ya ɗebi ɗan ƙarfen da aka bari ya dawo, ransa fes. 'Yan Zango suka sa masa suna Mai Sallama, suna yi masa tsiya wai shi ne muzurun da ke ɗaura wa kansa ƙararrawa. Sai dai wajen tsaron gida babu kamarsa. Yakan bar dukiya a fili kamar ya manta da ita, in maharin ya taso ya matso, sai ya sauke rundunarsa gaba ɗaya ana saura daƙiƙa biyar, mutum ya faɗo cikinta ya ƙone ƙurmus. Wannan bai taɓa damunsa ba, cewa yake wanda ya shigo babu sallama, abin da ya same shi shi ya saya.

Ranar da sallamar ta jawo masa baƙin jini ita ce ranar Shaho. Shaho wani ɗan wasa ne daga wata ƙasar Turai, sunansa na wasa ya gagari bakin kowa, Haliru ya raɗa masa wannan. Shi ne ya cinye jiragen Sabitu a ranar farko, kuma ya daɗe yana yi wa Zango ɗauki ɗai-ɗai. Wata uku Sabitu ya yi yana bin sawunsa har ya gano cewa ranar Juma'a rundunarsa kan sauka ta yi minti ashirin a ƙasa babu mai kula da ita. Aka haɗa mutum tara, aka daidaita tafiyar jirage ta yadda za su isa tare. Sabitu ya roƙi kowa ya kama bakinsa, ya kalli Haliru ya sake roƙo. Haliru ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, amma da aka tashi jirage hannunsa ya ƙi ba shi haɗin kai, daga ƙarshe ya rubuta sallamarsa ya aika. Rundunar mutum tara ta isa ta tarar da wayam.

Sabitu ya faɗa masa maganganu a gaban mutane waɗanda bai kamata a faɗa wa mai furfura ba. Ya ce tsufa ne ke damunsa, ya ce ya koma wa fankokinsa. Haliru ya san ya karya alkawari, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zagin ba, a'a, ganin ya ɓata wa mutum tara wahalar wata uku. Daga baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, ya ce daga yau kada a ƙara sa shi a harin taro, a bar shi a tsaron gida. Mako biyu Sabitu bai tsallako Omdurman ba.

Da ya zo, a farkon shekarar 2013, ba shagon Muhajir ya nufa ba, rumfar Haliru ya zo, idonsa jajir. Mahaifinsa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, an mayar da shi ƙauyensu bayan Gusau inda ko waya sai an hau tudu. Jibi zai tashi. Ya ba Haliru haƙuri kan abin da ya faɗa, sannan ya zaro 'yar takarda ya miƙa masa. Wasan ya yarda mutum ya naɗa wakili in zai yi tafiya, wakilin ya riƙa tashin jirage yana saukewa, amma ba zai yi yaƙi da su ba.

"Mako shida ne, Baba, in sha Allahu. Ka riƙe mini."

"Ni? Ga gwanaye a Zango, ka tsallake su ka kawo wa mai fanka?"

"Gwanayen ne nake tsoro. In suka ga runduna irin wannan a hannunsu, sai sun san yadda suka yi suka ɗana ta. Mutumin da ya kasa shiga gidan abokin gaba babu sallama, ba zai taɓa mini ko jirgi ɗaya ba."

Haliru ya karɓi takardar da hannu biyu. Da ya koma gida ya ba Sittana labari, ta ɗaga kai ta dubi ƙullin da ke rataye, ta kira shi da sunan 'yarsu Samar kamar yadda ta saba, ta ce, "Ya Abu Samar, wato ɗaya bai ishe ku ba, sai da ka ƙaro wani ƙullin?" Ta faɗa ne da wasa, amma maganar ta shige shi, don abin da yake tsoro ke nan tun yana saurayi: ya mutu da kayan wani a hannunsa, kamar ubansa da kakansa.

Mako shida ya wuce, wata uku ya wuce. Lambar Sabitu ta daina shiga. Runduna biyu Haliru ke kiwo yanzu, kuma ta amanar ce kullum a gaba. Amanar nan kuwa ba irin ta Zubairu ba ce da za a rataye a manta sai shekara ta zagayo, wannan kullum sai an taɓa ta, rana ɗaya aka yi sakaci ta tafi. In wuta ta ɗauke a kasuwa sai ya hau raksha, keke napep ɗin can, ya nemi wani shagon. Akwai ranar da ya tsallaka gada har cikin Khartum a motar haya, da zazzaɓi a jikinsa, don rundunar Sabitu za ta sauka ƙarfe huɗu da rabi. Ranar ɗaurin auren 'yarsa Samar ma sai da ya sulale na rabin awa, Sittana ba ta yafe masa wannan ba har yau. Shaho kuma ya shinshino cewa mai rundunar ba ya nan, kusan kullum sai an ga ɗan jirginsa na leƙen asiri ya gifta. Haliru ya riƙa sauya lokutan sauka, yau bayan Azahar, gobe kafin La'asar, don kada a kama masa tsari. 'Yan Zango suka ce ya haƙura, mai abu ma ya manta da abinsa. Ya ce mai abu bai faɗa masa haka da bakinsa ba.

Sai ga watan Satumba, gwamnati ta ƙara kuɗin mai, gari ya ɗauki zafi. A ranar Laraba hayaƙin tayoyi ya rufe sararin Omdurman, motoci suka janye, 'yan kasuwa suka shiga jan ƙofofi tun rana na tsaka. Kowa gida yake nufa, Haliru kuwa shagon Muhajir ya nufa, don rundunonin biyu duk suna gab da sauka. Ya tarar Muhajir ya sauke ƙofar ƙarfe rabi.

"Ammu Haliru, halas, shi ke nan, na rufe. Shabaka ma tana mutuwa, an ce za su yanke ta gaba ɗaya."

"Minti biyar, ɗana. Don girman Allah."

Muhajir ya ɗaga masa ya sunkuya ya shiga. Shabakar, wato intanet ɗin, na rarrafe, shafi ɗaya sai ya yi minti guda kafin ya buɗe, ga shi tashin runduna shafi huɗu ne: ka zaɓi jirage, ka zaɓi inda za su, ka zaɓi gudu, ka tabbatar. Ba a kuma buɗe gida biyu a lokaci ɗaya. Haliru ya san lissafin tun kafin ya zauna, da wuya a samu na biyu. Tasa rundunar shekara huɗu ya yi yana tara ta, jirgi bayan jirgi, minti goma sha biyar bayan minti goma sha biyar, kuma ƙarya ne a ce bai ji ta a ransa ba. Ya ji ta sosai, har yatsunsa suka fara buga sunansa da kansu. Ya goge, ya zaro takardar Sabitu da ta yi laushi a aljihu, ko da yake ya daɗe da haddace abin da ke ciki. Ya jira jiragen suka sauka, ya zaɓe su duka, ya ba su tafiya mafi nisa da gudu mafi ƙanƙanta, wadda ba za su dawo ba sai bayan kwana huɗu. Shafin ƙarshe ya tsaya yana juyi, a waje ana jin ƙarar harbi daga nesa, Muhajir na cewa, "Yalla ya Ammu, yalla!" Can ya buɗe: runduna ta tashi. Haliru ya fita daga gidan Sabitu ya shiga nasa gidan, ya ga jiragensa jere a ƙasa, ya danna shafin farko, allon ya yi fari. Bai sake dawowa ba.

A ƙafa ya koma Umbadda ta lunguna. Kwanakin nan an yi rashin mutane, har da ɗan wani maƙwabcinsa, kuma Haliru ya zauna a tabarmar makoki kwana uku bai ko ambaci jirgi ba, ya ce wanda ya ga uwa tana kukan ɗanta ba ya da bakin kukan lambobi. Sai a rana ta huɗu, da kasuwa ta ɗan buɗe, ya je ya tari rundunar Sabitu, ta sauka lafiya babu abin da ya taɓa ta, ya sake tashinta. Sannan ya yi bisimilla ya buɗe nasa gidan. Babu komai, ko ɗan jirgin leƙen asiri ba a bar masa ba. Shaho ya zo washegarin yanke intanet ya share wurin.

Saƙo biyu ne ke jiransa, duk daga Shaho. Na biyun dogo ne, Muhajir ya fassara masa: wai sai daga baya ya ga labarin Sudan, da ya sani da bai zo ba, yana jin kunya, zai turo masa tarkacen gaba ɗaya ya sake gini. Amma Haliru na farkon ya tsura wa ido, wanda aka aiko awa ɗaya cif kafin harin. Layi ɗaya ne, an rubuta shi a karkace kamar na ɗan koyo: Asalamu alekum, Haliru.

Dattijon nan da aka rushe wa aikin shekara huɗu sai ya fashe da dariya har tabarau ya zame. "Muhajir, zo ka gani! Ya yi sallama! Wallahi ya yi sallama, ni ne ba na gida!" Ya sa aka rubuta masa amsa: wa alaikumus salam, ka shigo da izini, abin da ka samu halalinka ne, ka riƙe tarkacenka. Shaho bai ji ba, ya turo rabi, kuma daga ranar ɗan jirginsa bai sake giftawa ta gidan Sabitu ba.

Sabitu bai dawo ba sai a watan Disamba, wata goma sha ɗaya bayan tafiyar mako shida. Ya rame, mahaifin ya rasu, ɗawainiyar gida ta dawo kansa, ya zo ne kawai ya karɓi takardunsa a jami'a ya koma. Ya biyo ta rumfar Haliru don gaisuwa. Haliru ya ɗaga hannu suka yi wa mamacin fatiha, ya aika aka kawo shayi, suka taɓa hira. Har aka shanye shayin Sabitu bai ambaci wasa ba. Haliru ne ya gaji ya ce, "To Malam Sabitu, sai mu je ka karɓi kayanka."

"Wane kaya, Baba?"

"Jiragenka."

Sabitu ya riƙe baki. "Subhanallahi! Baba, kana nufin har yanzu? Ai na ɗauka tuni an cinye su. Wallahi ko tunawa ban yi ba. Ai wasa ne, Baba, da ka bar su."

Maganar ta soki Haliru, babu amfanin ɓoyewa. Ya tuna gadar Khartum da zazzaɓi, ya tuna fuskar Sittana ranar auren Samar. Amma ya dubi ramar mutumin da ke gabansa, wanda ya yi wata da watanni yana juya mahaifinsa a kan tabarma, sai fushin ya kwanta. Ya miƙe ya kakkaɓe jallabiyarsa ya ce, "Wasa ne a wurinka, kuma ka yi gaskiya. Amma da ka ba ni ba ka ce ga wasa ba, cewa ka yi in riƙe maka. Tashi mu je."

A shagon ya zaunar da shi, ya kira Muhajir ya tsaya a matsayin shaida. Sabitu ya ma manta kalmar shiga, sai da Haliru ya miƙa masa tsohuwar takardarsa. Rundunar ta sauka a gabansu, don an yi dace lokacin saukarta ke nan. Sabitu ya bi jerin da ido daga sama har ƙasa. Muhajir, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce, "Ya ustaz, ka tambaye shi ina tasa rundunar." Ya kwashe labarin ranar Laraba ya faɗa masa tas, Haliru na harararsa. Idon Sabitu ya kawo ruwa.

"Baba, na bar maka su duka. Ni ba zan sake wasan nan ba. Ka riƙe, halak malak."

"A'a. Ba a kyauta da abin da ba a karɓa ba. Ka fara dubawa. Akwai wanda ya ɓata?"

"Babu, Baba."

"Akwai wanda aka taɓa?"

"Ko ɗaya."

"To faɗa da bakinka, Muhajir ya ji."

Sabitu ya juyo da kujerarsa ya fuskance shi, ya kama hannunsa mai kanta da hannu biyu ya ce, "Na karɓi amanata, Baba Haliru, cif yadda na ba ka. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan magabatanka."

Haliru ya ce amin, ya cire tabarau yana goge shi da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa. Daɗin da ya ji a ranar, ya ce bai ji irinsa ba tun haihuwar Samar. Shi da aka yi wa godiya, shi ne ya riƙa godiya, yana yi wa Sabitu addu'a har bakin titi, yana cewa Allah ya yi maka albarka da ka dawo, sai ka ce Sabitu ne ya yi masa wahalar wata goma sha ɗaya. Kyautar ma daga baya ya karɓa, ya raba wa sababbin 'yan Zango abin da ke rabuwa, ya ci gaba da tara tasa a hankali. Har shekarun baya-bayan nan in ka shiga shagon bayan La'asar za ka same shi a kujerar kusa da mukayyif, yana aika wa wani bawan Allah sallama.

A ranar dai da wuri ya rufe rumfa. Ya isa gida rana ba ta faɗi ba, ya ɗauko tsani ya sauke ƙullin Zubairu, ko da yake lokacin shafa mai bai yi ba. Ya zauna a tsakar gida ya ɗora shi a cinya yana shafawa. Sittana ta fito daga kicin da hannu duk ƙullun kisra, wainar dawar mutanen Sudan, ta tsaya tana kallonsa.

"Lafiya, ya Abu Samar? Mai shi ne ya dawo?"

"Ba wannan ba, ɗayan," in ji Haliru. "Ya zo ya duba ya ce ya karɓa. Kakana ya jira kalmar nan har ya mutu bai ji ba, babana ma haka. Ni yau na ji ta da kunnena, Sittana."

Ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta ga fuskarsa ta fasa. Ta goge hannunta, ta riƙe masa tsanin, ya hau ya mayar da ƙullin inda yake.